KUBANNI DA GALMA: YADDA ZAGE-ZAGI SUKA JUYA WA RUWANSU BAYA

Da aka nemi in rubuta wani abu game da tarihin Zariya, na san abin da ake sa ran in kawo, wato labarin Sarauniya Amina, ko ganuwa da ƙofofinta, ko kuwa Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Waɗannan duka an sha rubutu a kansu, kuma waɗanda suka fi ni sani ne suka yi. Ni sai na zaɓi in yi magana a kan ruwa, wato kogunan da suka kewaye birnin nan, da irin wasanni da nishaɗin da mutanensa suka riƙa samu a cikinsu tun kaka da kakanni, da kuma dalilin da ya sa a yau yawancin 'ya'yanmu ba su iya iyo ba, alhali kuwa sun tashi a garin da kogi ya yi masa ɗamara ta kowane gefe.

Duk wanda ya zauna a ajin Labarin Ƙasa a makarantarmu zai tuna taswirar da malaminmu kan zana a allo da alli mai launi. Ta arewa ga Kubanni, wanda ya ɓuɓɓugo daga tudun Kampagi wajen Shika, ya biyo ta Samaru, ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari. Ta kudu ga Saye. Ta gabas kuma ga babbansu, Galma, wanda ya taso tun daga gefen tsaunukan Jos, shi ne yake haɗiye sauran duka ya tafi da su kogin Kaduna, Kaduna kuma ya kai su Kwara a ƙasar Nufe. A cikin birni kansa ga Kamaca tana ratsa unguwanni. Malam yakan ƙara da cewa Zariya tana zaune ne kusa da mararrabar ruwa, domin in ka nausa arewa kaɗan ka shiga ƙasar Kano, ruwan saman da ya sauka a can ba teku zai nufa ba, sai dai ya bi Haɗeja da Yobe ya ƙare a Tafkin Cadi. A lokacin haddace wannan muke yi don jarrabawa kawai. Sai da girma ya zo na gane cewa rabin tarihin garin ne Malam yake zana mana.

Dalili kuwa shi ne, neman ruwa na cikin abin da ya kafa birnin nan. Kafin Zariya, fadar Zazzau tana Turunku ne, can kudu. Labarin da aka gada daga na gaba ya nuna cewa a zamanin Bakwa Turunku, wanda jerin sarakuna ya sa farkon mulkinsa wajen 1536, garin ya yi wa jama'arsa kaɗan, ruwansa kuma ya gaza, shi ya sa aka yiwo ƙaura zuwa wannan fili da ke tsakanin dutsen Kufena da na Madarkaci. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya yi bayani a kan wannan zamani na sarakunan Haɓe a cikin littafin da aka buga kan Zariya da kewayenta a 1970. Abin lura a nan shi ne irin wurin da magabata suka zaɓa. Ba su kafa gari a bakin Galma ba, inda ambaliya za ta riƙa cinye su duk marka. Ba su kuma yi nisa da shi ba. Sun hau tudu, suka ja ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10, suka sa ƙorama da fadama da gonaki a cikinta, don ko da abokan gaba sun yi wa gari zobe kada ƙishirwa ta ci shi da yaƙi. Baturen nan matafiyi, Kilafatan, da ya biyo ta Zariya a 1826, shekara 18 bayan Malam Musa ya karɓi garin daga hannun Sarki Makau, ya tarar da birni mai gonaki da dausayi da dogayen itatuwa a cikin ganuwa. Rimayen nan da har yau muke kiran unguwanni da sunansu, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko, ba a ƙeƙasasshiyar ƙasa suka yi wannan girma ba.

Makarantar farko ta koyon iyo ga ɗan birni ba kogi ba ce, kududdufi ne. Gari ne da aka gina da tubali da jar ƙasa, kuma duk inda aka haƙi ƙasar gini an bar rami, damina ta zo ta cika shi. Haka nan gwalalon da ke bin bayan ganuwa. Saboda haka kusan kowace unguwa tana da kududdufinta, kuma a nan yaro ɗan shekara shida ko bakwai yake fara bundum-bundum a bakin gaɓa, yayansa na riƙe da haɓarsa, har ranar da za a sake shi bai sani ba. Ba na cewa ruwan kududdufi mai tsabta ne, domin kwatamin gidaje a ciki yake ƙarewa, ga kwaɗi ga sauro. Amma dai a nan ake cire tsoron ruwa, kuma wanda bai ci wannan jarrabawa ba, manya ba za su yarda ya bi su Kubanni ba.

Shi kogi kuwa yana da lokutansa, kuma sanin lokutan nan shi ne rabin iya ruwa. Ruwan farko na damina ja ne wur, yana tafe da itace da ƙaya da mushe, ba mai hankalin da zai shige shi. A tsakiyar marka, wajen watan Agusta, Kubanni kan cika ya batse yana ruri, a nan sai dai a tsaya a kan gada a yi kallo. Lokacin daɗi shi ne kaka, sa'ad da ruwa ya kwanta ya yi garau, rairayi ya fara fitowa fari tas a gefe, hunturu kuma bai kankama ba. Sai kuma bazara, lokacin da zafi ya ishi kowa, kogin ya yanke ya zama gurbi-gurbi, kowane gurbi da zurfinsa da halinsa. Dattawan da suka yi ƙuruciyarsu a zamanin Sarki Ja'afaru, wanda ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959, sun sha ba ni labarin yadda bakin Kubanni yake zama kamar kasuwa ranar Alhamis, wato ranar da makarantun allo ke hutu. Almajirai sun fito da tsummokaransu sun wanke sun shanya a kan rairayi, suna jiran su bushe suna tsere a ruwa. Masu wankau suna bugun riguna a kan duwatsu. Can gefe barorin sarakuna sun kawo dawaki wanka, musamman in Salla ta gabato. Mata suna da nasu mashigi daban, inda namiji baligi ba ya kusanta. Masu lambu suna ta jan jigo suna ba albasa da rake ruwa, idonsu ɗaya a kan kwami, ɗaya a kan yara, domin an san halin yaro da raken mutane.

Wasannin kansu ba su da wuyar faɗi, yawancinmu mun tarar da ragowarsu. Akwai tsere daga wannan gaɓa zuwa waccan. Akwai kurme, inda za a nutse gaba ɗaya a ga wanda zai riga ɗagowa, wanda ya riga kuwa ya sha dariya. Akwai alkafura daga kan dutse ko reshen da ya sunkuyo. Akwai wasan kada, inda ɗaya zai nutse ya bi ta ƙasa ya cafko ƙafar wani, wanda aka kama shi ne sabon kada. Wanda hannunsa bai ƙware ba sai ya rungumi gora, a zamaninmu kuma jarka ko robar cikin tayar mota. Da an gaji a fito a kwanta a rairayi mai zafi, a tashi a yi langa ko kokawa, jiki ya yi furu-furu, a sake komawa ruwa. Waɗanda muka yi aji ɗaya da su ba sa bukatar in tuna musu yadda ake shafa man gyaɗa a ƙafa kafin a koma makaranta don kada malamin horo ya gane, ko yadda jan ido yake tona asirin mutum duk da haka. Malam, Allah ya saka da alheri, yanzu da muka haifi namu mun san abin da kake tsoro.

Na manya kuma shi ne su. A ƙarshen rani, idan gurabun Galma suka ja baya kifi ya taru wuri ɗaya, sai a sa rana, a yi shela a kasuwannin ƙauyuka, jama'a su hallara da homa da gora da koma. Ba mai sa ƙafa a ruwa sai an ba da izini. Da an ba da shi kuwa sai ka ji ruwa ya ɗauki ihu da kiɗa, wannan ya ɗago tarwaɗa, wancan karfasa, mai sa'a ya yi karo da ragon ruwa. Abinci ake nema, gaskiya ne, amma duk wanda ya ji yadda tsofaffi ke ba da labarin ranar su, ya san ba don miya kaɗai ake zuwa ba. Biki ne, a nan samari ke nuna bajinta, a nan ake ganin dangi na nesa.

A nan ya kamata in ɗan tsaya, domin wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Wasan ruwa na wancan zamani ba sakaka yake ba, yana da masu shi. Sarautar Sarkin Ruwa tana cikin tsofaffin sarautun Zazzau, kuma a ƙarƙashin irin wannan sarauta akwai masunta da masu fito waɗanda suka gaji sana'ar, suka san kogin kamar yadda mutum ya san tsakar gidansu. Sun san inda ƙasa take da tauri da inda laka ke riƙe ƙafa, sun san gurbin da ruwa ke juyawa a ƙarƙashi ko da samansa ya yi lumui. Idan wani ya nutse su ake kira, kuma sau da yawa suna kusa. Hatta labaran 'yan ruwa da aka riƙa tsorata mu da su, da zancen Sarkin Rafi na masu bori, in ka bi diddigi za ka tarar wuraren da aka ce iskoki ne ke zaune a ciki su ne dai wurare masu zurfi da majuyin ruwa. Malamai sun yi gaskiya da suka hana mu imani da irin waɗannan abubuwa. Sai dai a nawa ganin, tatsuniyar tana aikin shinge, kuma da muka tumɓuke ta ba mu kafa komai a gurbinta ba, ko da allon gargaɗi ne.

To, yaya aka yi wannan duka ya watse? Ba rana ɗaya ba ce, kuma ba mutum ɗaya ya yi ba.

Turawa sun shigo Zariya a 1902. Ba su zauna a birni ba, sai suka kafa barikinsu a ƙetaren Kubanni. Da hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano ta ratso, wadda ta isa Kano a 1911, sai Sabon Gari ya tsiro kusa da tasha, Tudun Wada kuma ta tashi tsakanin Ƙofar Doka da kogin. Daga nan Kubanni ya tashi daga bayan gari ya koma tsakiyar gari, ya zama iyaka tsakanin birni da bariki. Gada ta kashe fito a wannan mashigi, mai fito kuwa shi ne mai ceto. Kuma sanin kowa ne, kogin da gari ya kewaye, bayan gida ake juya masa, ba ƙofar gida ba. A 1939 aka buɗe gidan ruwa na farko a Zariya, wanda ke jan ruwa daga Galma. Famfo alheri ne babba, ba mai musun wannan, amma kowane famfo da aka kafa ya rage dalilin zuwa rafi, kuma da manya suka rage zuwa sai yara suka rasa masu sa musu ido.

Abu na biyu shi ne cuta, ko kuma in ce gane inda cuta take fitowa. A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau, musamman gabashinta, kuma aka tabbatar cewa ƙudan tsando da ke kawo shi a inuwar kurmin bakin rafi yake zaune. Wannan ne ya jawo aikin nan na Anchau da aka fara a 1937, inda aka sare kurmin bakin rafuka masu yawan gaske a yankin da ruwansa ke gangarowa Galma, aka tashi ƙauyuka, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. An ci nasarar rage cutar ƙwarai, amma darasin da talaka ya ɗauka shi ne bakin rafi wurin ciwo ne. Sai kuma tsargiya. A da, a wurare da yawa na ƙasar Hausa, in yaro ya fara fitsarin jini ba a ɗaukarsa ciwo, wasu ma cewa suke alamar balaga ce. Alhali tun 1851 wani likita Bajamushe mai suna Bilhaz ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira. Yadda abin yake shi ne, mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, ya girma a can, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai ka sha ba, shiga kaɗai ta isa. Da wannan ilimi ya yaɗu ta hanyar makarantu da asibitoci, sai iyaye da malamai suka ɗauki hanya mafi sauƙi, wato hani da bulala. Ban ga laifinsu ba, domin a lokacin maganin tsargiya allura ce mai wahala. Amma yau akwai ƙwayar praziquantel da ake sha sau ɗaya, ana ma raba ta kyauta a makarantu, hanin kuwa yana nan yadda yake.

Bari in ɗan ratse. Kurkunu, wanda shi ta shan ruwan tafki ake kamuwa da shi, ya kama mutum fiye da 650,000 a Nijeriya a ƙidayar 1988. An yi ta fama har aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da rabuwarmu da shi a 2013. Cikin waɗanda suka yi tsaye a wannan yaƙi har da Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan Wusasa, gindin Kufena. Na kawo wannan ne don a ga cewa ba a kawar da kurkunu ta hana mutane shan ruwa ba. Tacewa aka koya musu, aka gyara tafkunan.

Abu na uku shi ne madatsun ruwa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta datse Kubanni a Samaru a 1973 don samun ruwan sha, a 1975 kuma aka yi babbar madatsa a kan Galma tare da sabon gidan ruwa. Wannan ya zo daidai da farin 1973 da ya girgiza Arewa duka, saboda haka ba wanda zai ce ba a bukace su ba. Sai dai madatsa takan canja halin kogi. A ƙasanta ruwa yakan ragu da rani. A samanta kuma sai a sami tafki mai faɗi, kwantacce, mai jan hankalin yaro, amma mai zurfi da sanyi a ƙasa, gindinsa laka, gefensa ciyawa, irin wurin da dodon koɗin tsargiya ya fi so. Wanda ya koyi iyo a ruwa mai gudu da rairayi a ƙasa, in ya faɗa irin wannan sai ya ga ba ruwan da ya sani ba ne. Daga baya, tun daga shekarun 1980, ƙananan injunan ban ruwa suka kori jigo, shirin Fadama na ƙasa da aka fara a 1993 ya ƙara yawansu. Duk wanda ya bi hanyar Jos ya ƙetare gadar Galma zuwa Dakace da rani ya ga albarkar wannan, ga tumatir ga masara ga kayan miya kore shar. Amma jigo guga-guga yake ɗiba, inji kuwa yana iya zuƙe gurbi guda cikin 'yan kwanaki.

Sauran biyun a gabanmu aka yi su, ba sai an ba mu labari ba. Na ɗaya leda. Tun da ruwan leda ya shigo a shekarun 1990, Kamaca da sauran magudanan birni suka zama juji, kududdufai kuma aka cike su da shara aka yi gini a kai. Ko ba komai an rage sauro, in ji wasu. To, amma ruwan da kududdufi ke riƙewa da, yanzu ina zai tafi in ba cikin ɗakunan mutane ba? Na biyu yashi, kuma a ganina shi ne mafi haɗari. Da gini ya koma na bulo da siminti, sai tifa ta shiga kogi. Inda dattijo ya san ruwa iya gwiwa ne tun yana yaro, yau an yashe shi ya zama rami mai zurfin gaba biyu, baɗi kuma ramin ya koma wani wuri. Wato ilimin da aka gada na sanin kogi ya daina aiki, domin kogin da aka sani ba shi ne ke kwance a wurin ba. A kan wannan kuma sai ga matsalar tsaro. Tun bayan harin da 'yan bindiga suka kai cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a watan Yuli na 2021, ba kowane uba ne zai bar ɗansa ya nufi bakin rafi na bayan gari ba.

Abin da ya rage mana ke nan, kogi yana nan, yara suna nan, zafin bazara yana nan, amma an cire kududdufin koyo, an cire mai fito, an cire dattijon da ke wanki a gefe. Yaro kuwa ba ya fasa zuwa ruwa don an hana shi, sai dai ya tafi a ɓoye, kuma mai zuwa a ɓoye ba ya zuwa inda manya suke. Shi ya sa kusan kowace shekara sai mun ji an yi jana'izar wani yaro ko saurayi da ruwa ya ci, a ce kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, Allah ya jiƙansu, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma yara da matasa suna da kaso mai yawa a ciki. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. A ƙarshen Nuwamban shekarar dai jirgin ruwa ya kife a Ɓagwai ta Jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi.

Kada wani ya ce ai Bahaushe ba ɗan ruwa ba ne. Kabawa Hausawa ne. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga irin sun da na ambata a sama, aka ɗaukaka shi a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Ban da kamun kifi a Matan Fada, akwai kabanci, wato gasar iyo da nutso da tseren kwale-kwale da kamun agwagwa. Galma bai kai gulbin Kabi ba, ban kuma ce mu kwaikwayi Argungu ba. Abin da ya bambanta mu da su shi ne, su sun bar Sarkin Ruwa da mutanensa a bakin aikinsu, suna hana su a wurin sai lokacinsa ya yi, mu kuwa mun bar namu kogin ba mai shi.

An ruwaito cewa Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Doki kam Zage-zagi ba su yi wasa da shi ba, duk wanda ya ga hawan Salla a ƙofar fada zai shaida, yaro ɗan shekara goma yana sukuwa kamar an haife shi a kan sirdi. Shi ma doki yana kayar da mutum, yana karya ƙashi, wani lokaci har ya kashe, amma ba mu hana shi ba, sai muka sa masa ladabi da masu koyarwa. Iyo ne ya zama maraya. Wuraren iyo na siminti da ke wasu otal-otal ba su magance komai ba, domin kuɗin shiga na yini ɗaya ya fi ƙarfin ɗan mai faci da ke Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona, kuma shi ne ke zuwa kogi, ba ɗan mai kuɗi ba.

Ƙungiyarmu ta yi ayyukan alheri a makaranta, an gyara azuzuwa, an sayi littattafai, Allah ya saka wa waɗanda suka ba da gudummawa. A cikinmu akwai likitoci, akwai injiniyoyin ruwa, akwai sojoji da 'yan kwana-kwana da suka koyi ceto a bakin aikinsu, akwai kuma masu riƙe da sarauta waɗanda maganarsu ke isa fada. Saboda haka na rubuta wa Sakatare takarda ina roƙon a sa abu uku cikin ajandar babban taronmu mai zuwa. Na farko, a nemi likitocinmu su shirya gwajin fitsari ga ɗaliban aji ɗaya da aji biyu, a ba masu tsargiya magani. Na biyu, a yi magana da wani mai wurin iyo a gari ya ba mu safiyar Asabar a kan farashi mai sauƙi na zango ɗaya, a fara da yara 30, maza daban mata daban, kowane rukuni da mai koyarwa irin jinsinsa. Na uku kuwa ba ya cin ko kwabo. Ina roƙon yayyenmu da suka gama makaranta a shekarun 1960 da 1970, da malamanmu 'yan asalin birni, kowa ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen gurabu da mashigai da ya sani a Kubanni da Saye da Galma, da inda kowanne yake, da wanda ake shiga da wanda ba a shiga, da sunan unguwar da kududdufinta ya fi girma. A miƙa wa Malam Edita kafin fitowa ta gaba, ni kuma na ɗauki nauyin bin su ɗaya bayan ɗaya da rani mai zuwa, in Allah ya kai mu, tare da malamin Labarin Ƙasa na yanzu da 'yan ajinsa, mu ga waɗanda suka saura mu sa su a taswira.